Yadda Ake Haɗa Wa Yara Wasan Ƙuri'a Da Kyaututtuka A Gida

Yaro yana iya haƙuri idan ƙuri'a ba ta faɗo kansa ba. Abin da ba ya yafewa shi ne ya ga kamar an yi masa coge. Na gane haka ne ranar da na tara yara goma sha huɗu a tsakar gida, na rubuta sunayensu a guntayen takardu, na zuba a kwano, na sa hannu na zaro, sai ga sunan 'yata. Wallahi ban leƙa ba, amma wa zai yarda? Wani yaro ɗan shekara bakwai ya kalle ni sama da ƙasa, ya ce, "Ai dama." Kalma biyu kawai, wasa ya watse. Daga ranar na daina ganin wannan abu a matsayin yanka takarda da girgiza kwano. Aikin gaba ɗaya shi ne ka shirya shi yadda kowane yaro zai ga adalcin da idonsa, kuma ba wanda zai koma gida hannu rabbana.

Abin da za ka yanke kafin ka ɗauki almakashi

Fara da ƙirga yaran, ka san shekarun ƙaraminsu da na babbansu. Ƙaramin ne zai nuna maka irin kayan da za ka iya amfani da su, babban kuma shi ne zai kama ka idan tsarinka yana da ɓaraka.

Sai maganar kuɗi: kada a karɓi ko sisi. Dokokin ƙasashe da dama suna gane caca ne idan abu uku sun haɗu, wato biya, da sa'a, da abin da za a ci. Ka cire biyan, abin da ya rage rabon kyauta ne ta hanyar ƙuri'a. Biya kuma ba kuɗi kaɗai ba ne. Idan ka ce yaro ya kawo abin wasansa kafin a ba shi tikiti, ka koya masa zuba nasa domin kwaɗayin na wani, ita ce kuwa ɗabi'ar da ake gudu. Kyaututtukan daga aljihun manya za su fito, tikiti kuma kowa kyauta zai samu.

Wasu iyaye suna son a riƙa ba da ƙarin tikiti ga wanda ya gyara ɗakinsa ko ya gama aikin makaranta. Ba laifi idan 'ya'yanka ne kuma an yi mako ana tarawa, amma ka san lissafin. In tikiti 20 ne a akwati, mai guda 5 yana da damar kashi ɗaya cikin huɗu, mai guda ɗaya kuwa ɗaya cikin ashirin. A taron da yara suka zo daga gidaje daban-daban, ni dai tikiti ɗaya nake ba kowa, magana ta ƙare.

Kayan aikin ba su da yawa: farar takarda, kwalin takalmi mai murfi, almakashi, salatif, maka (wato biro mai kaurin baki), rula, tsohuwar safa guda, da takarda ɗaya da za ka ware domin rajista.

Tikiti

Ɗauki takardar A4, wadda faɗinta milimita 210 ne, tsawonta 297. Ninke ta biyu, ka sake ninkewa, ka sake, sau uku ke nan. Idan ka buɗe za ka ga gida takwas daidai wa daida, kowanne wajen milimita 74 da 105. Yanke su a kan layin ninkin. Kowane yanki tikiti ɗaya ne, don haka takarda uku ta ishi yara 24.

Kowane tikiti rabi biyu ne, ɗaya na yaro, ɗaya na akwati. Ja layi a tsakiya da rula, ka rubuta lamba ɗaya a hagu da dama. Idan akwai keken ɗinki a kusa, cire zaren, ka bi kan layin da allurar kawai. Za ta bar jerin ƙananan huji, takardar ta riƙa yagewa sumul kamar tikitin da aka buga a inji. Yara suna matuƙar son wannan yagewar. In babu keke, ka yanka da almakashi a gaban mai tikitin.

Lambobi suna da tarko. Idan aka juya 6 ta koma 9, kuma ba abin da ke haɗa faɗa kamar yara biyu su taso wa kyauta ɗaya, kowa da gaskiyarsa. In tikitin ya haura 60, ga 19 da 61, ga 18 da 81, ga 16 da 91. Maganin mai sauƙi ne: ja layi a ƙarƙashin kowace lamba, ka faɗa musu layin shi ne ƙasa. Waɗanda ba su fara gane lamba ba kuwa a yi musu hoto: tauraro, jinjirin wata, kifi, mota, laima. Hoto ɗaya a rabi biyun, kuma kada a maimaita shi a wani tikitin.

Rabin da zai shiga akwati dole ya zama iri ɗaya da 'yan uwansa a girma, a kauri, da yadda aka ninke shi. Hannu yana da nasa ido. Takardar da ta fi girma ko wadda ninkinta ya buɗe ita ce ke fara shiga yatsu, kuma yaro mai wayo zai murɗe tasa ta zama dunƙule domin abokinsa ya lalubo ta. Saboda haka kai za ka nuna ninkin, sau biyu, kowa ya yi irinsa kana kallo. Idan duk yaran sun wuce shekara uku, murafen robar ruwa sun fi takarda: a rubuta lamba a cikinsu, ba sa manne wa juna, suna gaurayuwa da kyau, ga ƙara mai daɗi idan ana girgizawa. A tabbata dai duk girmansu ɗaya.

Yayin da kake raba tikiti, rubuta sunan kowane yaro da lambarsa a takardar rajista. Kafin a fara wasan, wani zai jefar da nasa, wani zai tauna, wata za ta ce an sace mata. Rajistar ce za ta raba gardama.

Akwati

A tsakiyar murfin kwalin, yanke rami zagayayye mai faɗin santimita 10 zuwa 12, yadda hannun babba zai shiga ba tare da ya yage kwalin ba. Yanke ƙafar safar nan ka bar bututun, ka manne bakinsa ɗaya a gefen ramin ta ciki da salatif. Yanzu hannu zai bi ta cikin safa ya shiga, ido kuwa ba zai ga komai ba. Murfin kada ka manne shi gaba ɗaya tukuna, domin akwai buƙatar a buɗe shi a gaban jama'a. Adon waje ka bar wa yaran. Su liƙa takarda mai launi, su yi zane, su rubuta abin da suka ga dama. Akwatin da suka yi wa ado da hannunsu ba sa saurin zarginsa.

Kada tikiti ya wuce rabin akwatin. Idan ya cika, girgiza ba ta gauraya komai, na sama yana nan a sama.

Kyaututtuka

Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima, idon yaro kuwa ya fi na kowa. Ka sa darajar kyaututtukan ta yi kusa da juna: fensir masu launi, ƙaramin littafin zane, sitika, ƙwallon roba, rula mai ado, abin ɗaure gashi, igiyar tsalle. Usur ma yara suna so, sai dai iyayensu ba za su gode maka ba. Akwai kuma kyautar da ba a saya: kambun takarda, ko kati da aka rubuta "kai za ka zaɓi wasan gaba", ko "ke ce alƙaliyar zagaye na biyu". Na sha ganin an fi rububin irin waɗannan.

Yawan kyauta ya zama yawan yara, a ƙara uku. Ƙarin nan na baƙon da ya zo ba a zata ba ne, da kyautar da ta karye, da kuma wani amfani da zan faɗa a gaba.

Batun babbar kyauta guda ɗaya, ra'ayina shi ne a bar ta idan akwai 'yan ƙasa da shekara shida. A wannan shekarun yaro bai gama gane cewa sa'a ba zaɓi ba ce, a wurinsa kai ne ka ba wane ka hana shi. Manyan yara kuwa suna jin daɗinta, har wasan yakan yi musu lami in babu ita.

A nan dole in tsaya a kan haɗari, domin ƙananan kyaututtuka su ne suka fi shiga baki. A Amurka da Turai ana gwada kayan wasan 'yan ƙasa da shekara uku da wani ɗan bututu mai faɗin milimita 31.7, duk abin da ya shige cikinsa gaba ɗaya an ɗauke shi abin da zai iya shaƙe yaro. A gida, kwalin tsakiyar takardar bayan gida zai yi maka wannan aikin, ya ma ɗan fi faɗi, wanda hakan ya fi aminci. Abin da ya wuce ta cikinsa kada ya je hannun ƙarami. Balan-balan da ba a hura ba, ko wanda ya fashe, gargaɗin da ake bugawa a jikin ledarsa ya shafi yara har zuwa shekara takwas. Ƙaramin batir mai kama da maɓalli, irin na kayan wasa masu walƙiya, idan ya maƙale a maƙogwaro yana iya ƙona shi cikin awa biyu. Ƙananan maganaɗisu kuma idan yaro ya haɗiyi biyu, suna iya jan juna ta jikin hanji su huda shi. Waɗannan biyun na ƙarshe ni ba na sa su a cikin kyauta ko kaɗan.

Ranar wasa

Zaunar da yaran a da'ira ko rabin da'ira, kowa yana ganin akwati. Faɗi dokoki tun kafin a taɓa komai, a taƙaice: kowa zai samu, ba a sake ƙuri'a, wanda aka kira ya fita daga akwati, musaya sai an gama. Dokar da aka faɗa bayan an ga sakamako sunanta son kai, ko da gaskiya ce.

Buɗe murfin, ka kifa akwatin, ka buga bayansa, kowa ya ga ba komai a ciki. Rufe, ka manne da salatif. Kowane yaro ya taso ya jefa rabinsa da hannunsa. Sannan akwatin ya zagaya, kowa ya toshe ramin da tafi ya girgiza sau uku, a riƙa juya shi sama da ƙasa, ba gefe da gefe kawai ba.

Wa zai zaro? Ba kai ba, in dai kana da ɗa a cikin wasan. A samu wanda ba shi da tikiti ya zaro na farko, daga nan wanda aka kira shi zai zaro na gaba, tunda shi ya riga ya fita, ba shi da abin karewa. Mai zarowa ya naɗe hannun riga, ya ɗaga tafinsa a buɗe, ya kau da kai, ya ciro guda ɗaya. In biyu suka fito tare, a mayar da su duka, a girgiza, a sake. A karanta lambar da ƙarfi, a ɗaga ta kowa ya gani, mai ita ya kawo rabinsa a haɗa. Gani ya kori ji. Sai a liƙa tikitin a bango ko a kan kwali, yadda ba wanda zai ce an mayar da shi.

Kafin zagaye na gaskiya, yi na gwaji sau ɗaya ba kyauta, wanda aka kira a tafa masa kawai. Minti biyu zai ci, amma ƙananan za su gane abin da ake ciki.

Yadda kyauta za ta isa hannun wanda aka kira, hanya biyu ce. Ta farko, a naɗe kyaututtukan a takarda iri ɗaya, a sa musu lamba, yaro ya zaro lambar kyauta daga akwati na biyu. Ta biyu, a baje su a fili, wanda aka fara kira ya fara zaɓa. Ta biyun ta fi sa yaro ya samu abin da yake so, amma tana cutar na ƙarshe, wanda zai tarar da abin da kowa ya ƙi. Nan ne ƙarin ukun nan ke aiki: ko na ƙarshe zai zaɓa cikin abu huɗu. In yaran sun haura goma sha biyar na fi son hanya ta farko, domin zaɓe yana cin lokaci, yaro ɗaya zai iya tsayawa minti biyar yana ɗauka yana ajiyewa.

Idan akwai babbar kyauta, ita ce ta ƙarshe. Bayan kowa ya karɓi ƙaramarsa, a mayar da dukan tikitin cikin akwati a gaban kowa, ana ƙirgawa da baki, a girgiza, a zaro ɗaya. Duka wasan kada ya wuce minti ashirin.

Rigimar "ni zan fara"

A wasan da kowane yaro ke zaro wa kansa takarda, misali takarda goma, ɗaya ce mai tauraro, za ka ga ana ture-ture a kan wa zai fara. Lissafi ya ce ba bambanci. Na farko yana da ɗaya cikin goma. Na biyu sai na farko ya kuskure, wato tara cikin goma, sannan shi ya dace cikin taran da suka rage, ɗaya cikin tara. Tara cikin goma sau ɗaya cikin tara, ɗaya cikin goma ne dai. Haka har na ƙarshe, wanda ko zaɓi bai yi ba. Yaran da suka fara koyon lissafin kaso za su ji daɗi idan ka sa su gwada sau talatin suna rubuta wanda ya ci. Dabarar kawai ita ce kada kowa ya buɗe tasa sai an gama ɗauka, a ƙirga ɗaya, biyu, uku, a buɗe tare. In ba haka ba, tauraro ya fito a hannun na biyu, sauran takwas su zauna suna kallon takardun banza.

Idan akwati ya gundure su

Kamun kifi ya fi dacewa da ƙanana. A yanka kwali siffar kifi, a rubuta lamba a cikinsa, a maƙala kilif ɗin takarda a bakinsa, a kifa su a ƙasa. Sanda mai tsawon kamu biyu, da gajeren zare, da maganaɗisu babba wanda ba zai shiga baki ba, a ɗaure shi tamau a naɗe da salatif. Lambar kifin da yaro ya kama ita ce lambar kyautarsa. Sanda ɗaya kawai za a yi, a riƙa karɓa-karɓa, domin sanda biyu a hannun yara biyu takobi ne.

Jan zare ma haka yake: zare goma ko fiye, kowanne an ɗaura masa kati mai lamba, a zura su duka ta cikin bututun kwali ɗaya yadda ba a gane wane zare ke riƙe da wane kati. A tattara zaren a ɗauke da zarar an gama.

Faifan juyawa ba ya buƙatar ƙusa ko katako. Yanke takarda zagayayya, ka ninke ta sau uku, za ta ba ka gida takwas, kowanne digiri 45. Manna ta a kan kwali. Ɗora kilif a tsakiya, ka kafa bakin fensir a cikinsa, yaro ya ɗalle kilif ɗin da yatsa, inda ya tsaya ya nuna nan ne rabonsa. Tun farko a ce in ya tsaya a kan layi za a sake. Sai dai faifai ba ya tuna abin da ya wuce, yana iya nuna gida ɗaya sau uku a jere, don haka ya fi kyau a zaɓi nau'in kyauta da shi, ba a zaɓi yaro ba.

Ƙwayar ludo guda ɗaya adalci ce ga yara shida. Guda biyu kuwa tarko ne. In ka raba wa yara lamba 2 zuwa 12 ka ce za a haɗa abin da ƙwayoyin suka nuna, ka cuci wasu ba ka sani ba: 7 tana fitowa ta hanya 6 cikin 36, ita kuwa 2 ko 12 ta hanya ɗaya tak.

Ga manyan yara akwai bingo, wasan da ake kiran lambobi kowa yana neman su a katinsa. Na Amurka lamba 75 ne a kati mai gida biyar-biyar, na Ingila 90. Wannan ya yi wa yara tsawo. A ja gida tara, uku-uku, kowane yaro ya cike nasa da lambobin da ya zaɓa tsakanin 1 da 20, ba maimaici. A riƙa zaro lamba daga akwati, wanda ya fara cike layi ɗaya ya ci. A nan mutum biyu suna iya ci tare, saboda haka a tanadi kyautar da za ta ishi biyu.

Kuka da musaya

Duk shirin da ka yi, wani zai yi kuka. Kada ka sake ƙuri'a dominsa, kada kuma ka karɓe ta wani ka ba shi, in ka yi haka sau ɗaya, zagaye na gaba yara biyar ne za su yi kuka. Ka ja shi gefe, ka ce ka ga ransa ya ɓaci, ka tuna masa lokacin musaya yana zuwa. Kalmar "ka faɗi" ma a bar ta, a ce "lambarka ba ta fito ba tukuna".

Musayar minti biyar ce a ƙarshe, kuma a gabanka za a yi ta. Ɗan shekara goma zai iya shawo kan ɗan shekara huɗu ya ba da littafin zane a kan sitika ɗaya, ƙaramin ya yi murna, sai an je gida kuka ya tashi. Ka tambayi kowane ɓangare, "Ka yarda?" kafin kaya su canza hannu.

Shi kuwa wanda ya fi kowa ƙorafi, irin yaron nan mai "ai dama", na samo masa magani. A zagaye na gaba shi nake ba rajista da biro. Shi zai ƙirga tikiti yayin da suke shiga akwati, shi zai duba cewa rabi ya dace da rabi, shi zai liƙa su a bango. Tikitinsa yana ciki kamar na kowa, hannunsa ne kawai ba ya shiga ramin.